Ambaliya a Ƙasar Dutse: Abin Yi Kafin Ruwa, Cikin Ruwa da Bayan Ruwa

Gabatarwa

Kalmar “jigawa” a Hausa tana nufin tudun rairayi, watau irin wurin nan da ruwa ba ya kwanciya a kansa kome yawansa. Wannan suna aka raɗa wa jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, aka kuma aza hedkwatarta a Dutse, garin da shi ma sunansa na tudu ne. Baƙon da ya tsaya ga sunayen nan biyu sai ya zaci ƙasa ce wadda ba ta san ambaliya ba. Amma ina! Tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari da fadama, a gindin kowane dutse akwai gangare, ga kuma Kogin Haɗeja ya ratsa jihar daga yamma ya nufi gabas. Saboda haka da wuya damina ta wuce ba a ji labarin wani gari da ruwa ya ci ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ke kawo ambaliya a ƙasar Dutse da maƙwabtanta, da yadda ruwa ke kayar da ginin Bahaushe, da abin da ya kamata magidanci ya yi tun daga sa'ar da ruwa ya shigo masa har ranar da zai sake kwana a ɗakinsa. Za mu kuma dubi al'adun da Hausawa suka gada don irin wannan rana, watau jaje da gudummawa da gayya. Abin da ya sa muka ga dacewar yin wannan rubutu shi ne, ɓarnar ambaliya ba ta ƙarewa a daren da ruwa ya zo. Sau da yawa wanda ya tsira daga ruwa bango ke danne shi, wanda ya tsira daga bango cuta ke kayar da shi, wanda ya tsira daga cuta kuma yunwa da bashi na jiransa a gaba.

Ambaliya da dangoginta a bakin Bahaushe

Yawan kalmomin da al'umma ke da su a kan abu yakan nuna daɗewar saninta da shi. Bahaushe na kiran tsakiyar damina “marka”, watau lokacin da ake jera kwanaki ana ruwa, galibi a watan Agusta. Ruwan da ya ƙi tsayawa, yana zuba a hankali dare da rana, shi ne “mamako”. Idan kogi ya kawo ruwa ya cika maƙil, an yi “cikowa”. Idan ya fi ƙarfin gaɓarsa ya zube, ya “tumbatsa”. Idan kuma ya malale gonaki da gidaje, to ita ce “ambaliya”. A cikin gida akwai “yoyo”, ruwan da ke ɗigowa daga rufi, akwai kuma “rima”, danshin da ke tasowa daga ƙasa ya kama daɓe da gindin bango. Mai karatu zai lura cewa waɗannan kalmomi tamkar matakai ne, ɗaya na biye da ɗaya. Wanda ya san su ya san cewa ambaliya ba ta cika zuwa ba tare da ta aiko da 'yan saƙo ba.

Dalilan ambaliya

Ambaliya iri biyu ce a tsakiyar Jigawa. Ta farko ita ce ta kogi. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Wudil ya shiga Jigawa, ya ratsa yankunan Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo da Haɗeja. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya gudu a cikinta, sai dai ya bazu. A kan kogunan biyu akwai manyan madatsun ruwa: Tiga, wadda aka gama a 1974, da Calawa, wadda aka gama a 1992. Idan suka cika a ƙarshen damina, rarar ruwansu kan gangaro ta tarar da kogin da dama a cike yake. Bugu da ƙari, tun da madatsun suka sa kogi ya daina ƙafewa da rani, sai ciyawar nan kacala ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, kogin ya rasa zurfinsa. Irin wannan ambaliya a hankali take tasowa, amma takan yi makonni ba ta janye ba.

Ta biyu ita ce ta ruwan sama, ita ce kuma ta fi damun Dutse da ƙauyukanta. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi cikin gaggawa ya nufi kwari. Ga ɗan lissafi don a gane nauyin abin. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 sau 1 lita guda ne. Idan aka yi ruwa milimita 100 a dare ɗaya, gida mai ƙafa 50 sau 50 zai karɓi kusan lita 23,000, watau jarka mai lita 20 fiye da 1,100. Dole ruwan nan ya sami inda zai tafi. A dā kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ke karɓarsa. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu an yi gini, kwatoci kuma sun toshe da leda da shara.

Akwai kuma wani dalili na tarihi. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya busar da fadamu da tafkuna da yawa har mutane suka manta da cewa matattarar ruwa ce, suka kafa gidaje a ciki. Da damina ta sake ƙarfi a shekarun baya, sai ruwa ya dawo neman wurinsa.

Waiwaye kaɗan

A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta fashe bayan ruwa mai yawa, aka yi hasarar rayuka da gidaje a tsohuwar Jihar Kano. A 2001 an yi babbar ambaliya a Kano da Jigawa. A watan Satumba na 2010 gwamnatin Jigawa ta ɗora laifin ambaliyar shekarar a kan sakin ruwan Tiga da Calawa, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa ta musa, ta ce madatsun cika suka yi suka tumbatsa. A 2012 ambaliya ta game Nijeriya, inda Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. Ta 2022 ta fi ta kisa, domin fiye da mutum 600 suka rasu a ƙasa baki ɗaya, gwamnatin Jigawa kuma ta bayyana cewa mutum 134 ta rasa. A daminar ce ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Karnaya ta ƙaramar hukumar Dutse da Balangu ta Kafin Hausa. Daga baya, ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta nutsar da babban sashe na Maiduguri. Wanda ya dubi jerin shekarun nan zai ga cewa ambaliya ta zama baƙuwar da ta san hanya, shiri dominta kuwa ya zama wajibi.

Yadda ruwa ke kayar da gini

Ginin gargajiya na tubali da jar ƙasa gini ne mai ƙarfi da sanyi muddin yana a bushe. Magina na dā sun san cewa ta wuri biyu ruwa ke cin sa, ta sama da ta ƙasa. Ta sama, rufin soro ƙasa ce aka ɗora a kan azara. Idan indararo ya toshe, ko yaɓe ya tsufa, sai ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasar ta sha ta ƙara nauyi. In kuwa gara ta riga ta ci azarar, sai ta karye, rufi ya rufto a kan masu barci. Don haka ne suke shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suke kuma shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kowace shekara kuma kafin ruwa ya sauka sai an yi gyaran yaɓe.

Ta ƙasa kuwa, ruwan da ya kwanta a gindin bango yakan jiƙa shi, rima ta riƙa hawa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Gindin da ya jiƙa ya zama taɓo, alhali kuwa duk nauyin gini a kansa yake. Wannan shi ya sa bango kan faɗi bayan an ɗauke ruwa, wani lokaci ma bayan kwana biyu ko uku, sa'ad da mutane suka saki jiki suka koma ɗaki. Shafen siminti a kan ginin ƙasa yakan yaudari mai gida, domin yana ɓoye ɓarnar da ke ciki, yana kuma hana danshi fita. Shi ma ginin bulo ba ya tsira idan an cika wa bulon yashi ko harsashinsa ba shi da zurfi.

Alamun da ke nuna gini na shirin faɗuwa sanannu ne: sabuwar tsaga, musamman wadda ke ƙara buɗewa, kumburin gindin bango, karkacewarsa, ƙofar da ta ƙi rufuwa alhali jiya tana rufuwa, ƙasa na zubowa daga rufi, da ƙarar azara. Duk ɗakin da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a kwana a cikinsa.

Kafin ruwa

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da bazara ya kamata a yashe kwata da rariya, a buɗe indararo, a gyara yaɓe, a cike ramukan ɓera da ke gindin bango. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa da takwararta mai lura da koguna suna fitar da hasashen damina da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, gidajen rediyo kuma suna karantawa da Hausa. Sauraren wannan ba ɓata lokaci ba ne. A tattara muhimman takardu, irin su na gida da gona da makaranta da asibiti da katin ɗan ƙasa, a ƙulle su a leda a rataye a sama. A ɗora hatsi da iri a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa. Mafi muhimmanci, mai gida ya zauna da iyalinsa su yanke shawara: in ruwa ya zo da dare, wane tudu za a nufa, ta wace hanya, wa zai ɗauki wane yaro, wa zai kama hannun tsohuwa.

Sa'ar da ruwa ya shigo

Rai ya fi dukiya, wannan ita ce ƙa'idar farko. A tashi kowa, a ƙidaya yara da baki ɗaya bayan ɗaya, a fita tun ruwa bai kai gwiwa ba. Idan gidan yana da lantarki a kashe shi daga babban makunni, amma da sharaɗin mutum bai tsaya cikin ruwa ba, hannunsa kuma a bushe yake. In ba haka ba a bar shi. A kwance dabbobi daga turke, domin akuyar da ke ɗaure ba ta da hanyar tsira. A tashi maƙwabta, musamman gidan da babu namiji a ciki, da gidan tsofaffi, da makarantar allo inda almajirai ke kwana a zaure.

Kada a raina ruwa mai gudu. Wanda zurfinsa ya ɗan wuce idon sawu, watau kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 60 kuwa yana iya tafiya da mota. Ruwan ambaliya gurɓatacce ne, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa, ko rijiya ce, ko rami, ko salgar da ta rufta. In tilas ne a ratsa, a riƙe sanda ana dogarawa, a goya ƙananan yara. Kada a raɓe a jikin katanga, kada kuma a hau rufin soro don neman tsira, domin shi ma jiƙaƙƙe ne. Inda aka shiga kwalekwale, a kiyayi cika shi da mutane da kaya. Da yawa daga cikin waɗanda ruwa ke ci sun riga sun fita lafiya, komawa ɗauko wani abu ce ta halaka su.

Komawa gida

Bayan ruwa ya janye zuciya kan matsa wa mutum ya koma ya ga abin da ya rage. A nan ake bukatar haƙuri. A koma da rana, manya kaɗai, in da hali tare da magini. A fara zagaya gidan ta waje ana duba bango da rufi kafin a shiga. Bangon da ya karkata a tokare shi da itace, in ya wuce gyara a ture shi da gangan tun bai faɗo wa wani ba. A sa takalmi, a riƙa ɗaga kaya da sanda, domin macizai da kunamu su ma tudu suke nema, sukan ɓuya a tarin itace da ƙarƙashin gado. Kada a maido da wuta sai mai gyaran lantarki ya duba. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki ɓarnar tun kafin ya taɓa kome, ya kuma rubuta abin da ya rasa, saboda ranar da masu ƙididdiga za su zo.

Daga nan sai aikin tsabta. A kwashe laka tun tana ɗanya, domin in ta bushe sai da fartanya. A buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa. A ɗage ledar ɗaki da darduma, domin danshi a ƙarƙashinsu yake maƙalewa, fumfuna kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu take kama kayan da suka jiƙe. Tufafi da tabarmi a wanke da sabulu a shanya a rana. Katifar auduga ko ta rimi da ta sha ruwan ƙazanta ba ta tsarkakuwa, gara a haƙura da ita. Tukwane da kwanuka a wanke da ruwan zafi. Littattafai da takardu a buɗe su a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada a tilasta raba shafukan da suka manne sai sun sha iska. Akwai wani kuskure mai kisa da ya kamata a ja kunne a kansa, watau hura gawayi ko tayar da janareta a cikin rufaffen ɗaki don ya bushe. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Ruwan sha, abinci da cuta

Ambaliya kan haɗa salga da rijiya su zama ruwa ɗaya. Saboda haka duk rijiyar da ruwa ya malale bakinta a ɗauka ta gurɓata, ko da ruwanta ya yi garau. Sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun zuba mata kulorin, sannan a koma sha. Kafin nan a tace ruwa da tsumma mai tsabta, a dafa shi ya tafasa sosai na aƙalla minti 1, a ajiye a randa mai murfi da moɗa guda. Alif, wanda wasu ke kira alam, yana kwantar da laka ne kurum, ba ya kashe ƙwayar cuta. Annobar kwalara ta 2021, wadda aka yi zaton ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kuma kashe fiye da 3,000, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Wannan ya isa darasi. Wanda amai da gudawa suka kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta dafaffen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. A riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar asibiti, mai shayarwa kuma kada ta daina ba jariri nono.

Bayan mako ɗaya zuwa biyu sauron da aka ƙyanƙyashe a kwantaccen ruwa zai tashi, zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya, don haka gidan sauro na cikin kayan farko da za a nema. A hana yara wanka a kududdufi saboda nutsewa da tsargiya. Dafaffen abinci da gari da magungunan da ruwan ya taɓa a zubar. Hatsin da ruwan sama kaɗai ya jiƙa a shanya shi nan da nan har ya bushe ƙarau, amma wanda ya yi fumfuna, musamman masara da gyaɗa, yana ɗauke da dafi mai lalata hanta, bai dace da mutum ko dabba ba. Mushen dabbobi a binne shi nesa da rijiya.

Jaje, gudummawa da gayya

Hausawa sun ware wa kowane hali gaisuwarsa. Wanda ya yi rashin ɗan'uwa ana yi masa ta'aziyya. Wanda ya yi hasarar dukiya ana yi masa jaje, a ce, “Ashe abin da ya faru ke nan? Allah Ya mayar da alheri, Allah Ya kiyaye gaba.” Wanda ya kuɓuta da ransa kuwa ana yi masa barka da arziki. A gidan da ambaliya ta ci sau da yawa ukun kan haɗu a zaure ɗaya. Jaje ba a zuwa da shi hannu sake. Wannan ta kawo kwanon tuwo, wancan ya kawo tabarma ko zane ko damin gero, wani kuma ya buɗe zaurensa ya sauki iyali guda. Wannan ita ce gudummawa, ita ce kuma ke riƙe mutane a kwanakin farko kafin agajin hukuma ya iso. Sai gayya, inda samarin unguwa ke taruwa su kwashe ɓaraguzai, su yi tubali, su tayar da ɗaki, mai gida kuma ya ba da fura ko kunu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanyar sanar da hukuma ita ce wadda aka saba: mai unguwa, dagaci, hakimi, ƙaramar hukuma, sannan hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini su ma sukan taimaka, haka kuma masarautar Dutse ta yi suna wajen tattara zakka da raba ta tun zamanin Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a 2023. Abin lura a nan shi ne a tabbata an rubuta sunayen zawarawa da marayu da tsofaffi, waɗanda ba su iya turereniya a layi. A sansanin gudun hijira, wanda galibi makarantar firamare ce, a ware wa mata wurin kwana da makewayi. Kada kuma a manta da ciwon zuciya. Yaron da ya ga gidansu ya rushe yakan firgita da jin cida, babba ma yakan kasa barci. Zama da su da sauraronsu da mayar da yara makaranta da wuri magani ne.

Sake gini

Bahaushe bai taɓa yin gini da damina ba, aikin rani ne, hikimar kuwa a fili take: tubalin da bai bushe ba da ƙasar da ba ta tsane ba ba sa ɗaukar nauyi. A yi haƙuri da rumfa ko ɗakin kara har iskar hunturu ta busar da ƙasa. Kada a yi wa jiƙaƙƙen bango shafe ko fenti. Kafin a aza tubali a tambayi dattawa inda ruwa ke bi tun zamanin kakanni, a kuma dubi zanen da ruwa ya bari a jikin bango da itatuwa, domin shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Daɓen sabon ɗaki ya ɗara wannan zane. Tun ran gini tun ran zane.

Ƙasar Dutse Allah Ya hore mata duwatsu, saboda haka ko wanda ba shi da halin ginin bulo yana iya yin harsashi da dutse ya ɗago shi sama da ƙasa, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri a kai don tare rima, sannan ya ɗora ginin ƙasa. A zagaye gindin bango da dakali mai gangare. Rufin kwano ya zarce bango, indararo kuma ya yi tsawon da zai zubar da ruwa nesa da gindi. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a haƙa salga a gangare da ita, tsakaninsu kamar mita 30. Kududdufin unguwa a bar shi a matsayinsa. Wanda gidansa ke tsakiyar hanyar ruwa kuwa, gaskiya ɗaya ce, ƙaura ta fi, ko da yake rabuwa da gidan gado da gona abu ne mai ɗaci. Haƙƙin hukuma ne ta ba da fili a tudu wanda bai yi nisa da gonakin mutane ba.

Game da abin kai wa baka, ambaliya kan bar danshi da taki a fadama. Manoman kwarin Haɗeja sun saba bin ruwa yana janyewa suna shuka wake da kankana da kayan lambu, sannan su shiga noman rani. Wannan ya fi sayar da dabbobi a wulakance ko cin bashin hatsi mai ninki.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ambaliyar tsakiyar Jigawa ta kogi ce da ta ruwan sama, kowace da halinta. Mun ga yadda ruwa ke cin gini ta rufi da ta gindi, da dalilin da ya sa kwanakin da ke bin ambaliya ba su gaza darenta haɗari ba. Mun kuma ga cewa yawancin abin da ake bukata Bahaushe ya riga ya san shi: gyaran yaɓe da bazara, gini da rani, girmama hanyar ruwa, da taimakon juna. Abin da zamani ya ƙara shi ne hasashen yanayi da ilmin ƙwayoyin cuta. Saukar ruwa ikon Allah ne, amma yashe kwata da dafa ruwan sha da ƙin kwana a ɗakin da ya tsage suna hannun bawa. Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga waɗannan garuruwa, su zauna da tsofaffin magina da masunta da manoman fadama su rubuta abin da suka sani tun suna raye, su kuma kai wannan bayani gida idan an tafi hutu. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa masu hasara da alheri, Ya ba mu damina mai albarka, amin.